Haɗa laftof da miksa: yawanci waya ce ke ɓata sauti

Na daɗe ina kai kayan sauti wuraren biki, suna da Maulidi a nan Garwa, abin da muke kira sono. Abin da ya sa ni wannan rubutu wani biki ne a Rumde Ajiya. Wani yaro mai ƙwazo ya jona laftof ɗinsa da miksa, na'urar da ke haɗa sautuka kafin su je lasifika, kiɗa na tashi, amma muryar mawaƙin kamar daga cikin rijiya take fitowa. Ya murɗa nan, ya murɗa can, gumi na zuba, uwar amarya ta aiko har sau biyu. Na leƙa bayan teburin na ce masa, "Ƙanena, miksarka lafiya lau take, wayar nan ce."

Ramin iyafon na laftof, mai milimita 3.5, hanya biyu yake fitarwa, hagu da dama. Shi kuwa yaron ya sa waya mai babban kai guda, mai zobe biyu, ya cusa a tasha ɗaya, wato mashiga ɗaya ta miksa. Irin wannan ramin na miksa ɗebe sautin hanya ɗaya yake yi daga na ɗayar, don haka duk abin da ya zo iri guda a hagu da dama, galibi murya da bas, sai ya kashe juna. Wayar da ta dace ƙaramin kai gare ta a gefen laftof, ɗaya gefen kuma ya rabu biyu: ko RCA ja da fari, ko manyan jak biyu na milimita 6.35 masu zobe ɗai-ɗai. Ka sa su a tashar sitiriyo. In babu, ɗauki tasha biyu, ka karkata Pan, maɓallin da ke tura sauti hagu ko dama, na ɗaya hagu, na ɗayan dama.

Ramin Line za ka shiga, ba na Mic ba. An yi na makirfo ne don sauti mai rauni, laftof ya fi ƙarfinsa, sai ka ji sauti na farfashewa. Ga kuma maɓallin 48V, mai aika wuta ta ramin Mic: in yana kunne, wutarsa na iya bin wayar ta ƙone maka ramin laftof. Wayar kuma kada ta wuce mita uku, kada ta kwanta kan ta wuta.

Sai ƙugin nan da ke hana mu barci, wanda ba ya tashi ba ya sauka. Kafin ka zargi kowa, zare cajar laftof. In ya ɗauke nan take, ka kama ɓarawonka. Wutarmu mai 50 Hz ce ta sami hanya biyu zuwa ƙasa tana zagaye ta cikin wayar sauti, abin kuma ya fi muni in an koma kan janareto. Fara da mai sauƙi: laftof da miksa su sha wuta a ralonji ɗaya, wato wayar ƙarin soket. In taron gajere ne, batir ma ya isa. Amma maganin gaskiya shi ne ɗan akwatin DI da ake sawa tsakanin laftof da miksa, mai taransifoma a ciki, da maɓallin Ground Lift da ke katse wannan zagayen. Daga shi sai ka ja wayar XLR, irin ta makirfo, zuwa miksa, wadda ke tafiya mita 20 ko 30 ba tare da ta kwaso ƙara ba. Ina roƙonka don Allah, kada ka yanke wayar ƙasa ta filogi wai don ƙugi ya tafi. Ita ce ke tsare ran mai riƙe da makirfo.

In kana da hali, sayi ƙaramin katin sauti na USB. Ni Behringer UCA202 nake amfani da shi. Yana ɗauke aikin daga cikin laftof, shuuu ɗin nan ya ragu sosai, ko da yake ba kullum yake kashe ƙugin caja ba.

Wajen ƙarfin sauti, laftof nakan bar shi kusa da 80 cikin 100, in daina taɓa shi. Bas da tirebul duk a tsakiya. Sai in danna PFL, maɓallin da ke nuna ƙarfin tashar a fitilun miksa, in ɗaga Gain, wato ƙarfin shigar sauti, a hankali har fitilu su riƙa wasa wajen 0, ja kuwa ko ƙyaftawa ban yarda ya yi ba. Masu rage laftof ƙasa su cika Gain, shuuu kawai suke ɗagawa.

Waƙar da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya har ta rame, babu miksar da za ta mayar mata da jiki. Nemi MP3 mai 320 kbps ko WAV. Ka kashe ƙararrawar Windows, ka rufe WhatsApp, kada saƙo ya yi tsuwa a lasifika Malam na tsakiyar addu'a.

Kunnawa: laftof, miksa, ampli, mai ƙara wa lasifika ƙarfi, a ƙarshe; kashewa kuma ampli ne farko. Lokacin hunturu ƙura na cika ramuka, sai ka ji ƙaras-ƙaras in an taɓa waya. Ina yawo da ɗan burushi da wayar ajiya guda biyu a jaka, ɗaya daga cikinsu na miƙa wa yaron nan a daren, muryar mawaƙi ta dawo kafin a shigo da amarya.