Yadda za ka ci moriyar dare a birnin hamada idan aiki ya kai ka

Kuskuren da baƙo ya fi yi shi ne ya tashi daga aiki ƙarfe biyar, ya leƙo titi ƙarfe shida, ya tarar da gari tsit, ya koma otal yana cewa babu abin yi. Alhali mutanen gari ba su fito ba tukuna. A birnin hamada zafi ne ke yanke lokacin fita. Kasuwar Souq Waqif ta Doha, alal misali, ba ta cika sai duhu ya yi sosai. Don haka ka huta awa ɗaya, ka yi wanka, ka ɗauki ƙarfe takwas a matsayin farkon fitarka.

Tun da rana ka duba hasashen yanayi na awa-awa, kada ka tsaya a na yini. Gaskiya ne sahara na yin sanyi da dare, domin busasshiyar iska ba ta riƙe zafi, amma wannan a daji ne. Cikin birni kwalta da siminti sun sha rana tun safe, kuma sai su yi ta amayar da zafin har tsakar dare. Ɗora tafin hannunka a bangon bene ƙarfe tara, za ka ji shi da ɗumi kamar gefen murhu. A Phoenix ta Amurka, ranar 19 ga Yulin 2023, zafi bai sauko ƙasa da digiri 36 ba har gari ya waye. Biranen bakin teku irin su Dubai kuma damshin iska ne matsalarsu: kana fitowa daga ɗaki mai sanyi tabaranka zai rufe da hazo, gumi ya ƙi bushewa. Idan hasashen ya nuna sama da digiri 35 da ƙarfe takwas, manta da yawon ƙafa, nemi gidan tarihi, wurin motsa jiki ko babban kanti mai na'urar sanyaya wuri.

Ka san ranakun hutun garin. Saudiyya da Katar Juma'a da Asabar suke hutu, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take, kuwa ta koma Asabar da Lahadi tun Janairun 2022. Daren da ke gaban hutu shi ya fi armashi, shi ya fi cunkoso kuma, sai ka kama wuri tun da wuri.

Wa za ka tambaya? Ma'aikacin tarbar baƙi a otal sau da yawa yawon da ake saya zai nuna maka. Gara abokin aiki ɗan gari ko direba, kuma kada ka ce "ina ne wurin shaƙatawa?" Ce masa, "ina kake kai iyalinka da dare?" Amsar ta fi zama ta gaske.

Abin da ya fi cancantar dare guda shi ne fita bayan gari kallon taurari, kuma nan ne ake yin ganganci. Zaɓi daren da babu farin wata, ka yi nisan kamar awa guda a mota don ka tsere wa hasken birni. Ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma leƙa waya sau ɗaya ya isa ya ɓata wannan. Ɗauki ruwa lita biyu kowane mutum, rigar sanyi, tocila, da rufaffen takalmi, domin kunama da dare take yawo. Kada ka shiga rairayi da motar haya. Masu sana'ar tuƙi a rairayi sukan rage iskar taya sosai don ta baje a kan yashi, suna tafiya mota biyu ko fiye, da igiyar ja. Tayar da ke cike da iska nutsewa take yi, kuma duk ƙarin mai da ka taka ƙara binne ta kake yi. Kada ka ajiye mota a busasshen kwari: ruwan da aka yi a tsauni mai nisa na iya gangarowa ba tare da ka ga ko ɗigo ba.

Idan guguwar ƙura ta riske ka a hanya, sauka daga kwalta gaba ɗaya, ka tsaya, ka kashe fitilu, ka ɗage ƙafa daga birki don kada na baya ya bi haskenka ya afka maka. Kafin ka fita kuma, gaya wa wani abokin aiki inda za ka da lokacin da za ka dawo.