Yadda Ake Kashe Tsutsar Sauro da Jiƙon Tsirrai

Sauro yana fara rayuwarsa a cikin ruwa. Macen tana saka ƙwai a ruwan da ya kwanta, ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ta yi saɓa sau huɗu, sannan ta koma wata 'yar dunƙulalliyar halitta mai siffar waƙafi wadda ba ta cin komai, daga cikinta kuma sauro mai fiffike yake fitowa. A lokacin zafi duk wannan yakan kammala cikin kwana 7 zuwa 10. Matakin tsutsa shi ne ya fi sauƙin kai wa hari, domin tana tsare a wuri ɗaya, tana kuma tace ruwan da take ciki don neman abinci, saboda haka duk abin da aka zuba a ruwan sai ya shiga cikinta.

Kafin a haɗa kowane magani, a fara tabbatar da cewa akwai tsutsar. A sami farin ludayi ko farin kofi, a matso bakin ruwan a hankali ba tare da inuwar mutum ta faɗa kansa ba, domin da zarar sun ga inuwa sai su nutse ƙasa. A ɗebo daga gefe sau biyar, a ƙirga, a rubuta. Tsutsar sauron Anofilis, mai yaɗa zazzaɓin maleriya, tana kwanciya a miƙe daf da saman ruwa, yayin da ta Kuleks da ta Edis, wasu nau'o'in sauro biyu, suke ratayewa kai ƙasa suna shaƙar iska ta wani ɗan bututu da ke wutsiyarsu. Idan ruwan na cikin tsohuwar taya ne ko gwangwani ko kaskon fure, babu buƙatar magani, a zubar da shi a kife mazubin. Jiƙon tsirrai na ruwan da ba za a iya zubarwa ko cikewa da ƙasa ba ne, kamar lambatun da ya toshe, ramin da aka haƙa a wurin gini, ko ɗan kududdufin da ruwan sama ya bari.

A cikin tsirran da aka yi bincike a kansu, darbejiya ce ta fi cancanta a fara da ita. Sinadarinta mai aiki, azadiraktin, wanda masu bincike Butterworth da Morgan suka ware a 1968, ya fi taruwa a ƙwayar da ke cikin ƙwallon, ganyen kuwa kaɗan ne yake ɗauke da shi. Aikinsa shi ne rikita sinadarin jikin ƙwaro da ke tafiyar da saɓa, sai tsutsar ta rage cin abinci, ta kasa fita daga tsohuwar fatarta, ta mutu a tsakanin mataki da mataki. Wannan ne ya sa ba a ganin sakamakonsa nan take.

A tattara 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya, a murje naman, a wanke ƙwallon, a shanya shi a inuwa inda iska ke ratsawa har ya bushe ƙarau. Wanda ya yi fumfuna a jefar da shi. A fasa ɓawon, a sheƙe, a daka ƙwayar a turmin da ba a amfani da shi wajen abinci, dakan sama-sama ba wanda zai sa mai ya fito ya dunƙule ba. A auna giram 50 na garin a kowace lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ya kwana kamar awa 12, da safe a motsa sosai a tace da ƙyalle mai laushi a matse. Ruwan zai fito fari-fari mai ɗaci da wari. A yi amfani da shi a ranar, domin ƙarfinsa yana raguwa idan aka ajiye. Ba a tafasa shi, zafi yana lalata sinadarin.

Babbar matsalar magungunan tsirrai ita ce ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Bishiya ta bambanta da bishiya, ƙwallon bana ya bambanta da na bara, don haka duk wani ma'aunin da aka ba mutum, kimantawa ce kawai har sai ya gwada nasa jiƙon. A ganina wannan gwajin shi ne zuciyar aikin, kuma mafi yawan masu cewa maganin bai yi ba, tsallake shi suka yi. Ƙa'idar gwajin magungunan tsutsa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005 ta tanadi a sa manyan tsutsotsi 25 a kowane kofi, a ƙirga matattu bayan awa 24, a kuma ajiye kofi na daban wanda ba a sa masa magani ba don kwatantawa. Ana iya bin wannan tsari a gida. A jera mazubai huɗu masu lita ɗaya na ruwan da aka ɗebo daga wurin, a sa tsutsotsi 25 a kowanne, a zuba mililita 10 na jiƙon a na farko, 20 a na biyu, 50 a na uku, a bar na huɗu haka nan, a rufe bakin kowanne da yanki na gidan sauro. Tsutsar da aka taɓa da tsinke ba ta motsa ba, matacciya ce. Da yake darbejiya sannu a hankali take aiki, a ci gaba da dubawa har mako guda, abin lura kuwa shi ne yawan sauron da ya fito ya maƙale a jikin ragar. Idan tsutsotsin mazubi na huɗu ma suna mutuwa da yawa, gwajin ya ɓaci, a sake shi. Ma'auni mafi ƙanƙanta da ya hana sauro fitowa, shi za a ɗauka.

Sai lissafin ruwan da za a yi wa magani: a ninka tsawo da faɗi da zurfi a ma'aunin mita, a ninka da 1,000, a sami yawan lita. Rami mai tsawon mita 2, faɗin mita 1 da zurfin santimita 10 yana ɗauke da lita 200, kuma idan gwaji ya nuna mililita 20 a kowace lita, ana buƙatar lita 4 na jiƙo, wato giram 200 na ƙwaya. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya nuna cewa hanyar ba ta dace da tafki ko fadama ba. A yayyafa da yamma, saboda hasken rana yana karya sinadarin cikin 'yan kwanaki, a fi mayar da hankali ga gefe-gefe da gindin ciyawa inda tsutsar ke taruwa. A maimaita kowane mako da kuma bayan ruwan sama mai ƙarfi, kowane zuwa a sake ɗebo ludayi biyar a kwatanta da ƙirgar farko.

Wanda yake da man darbejiya yana iya kaɗa shi da ɗan sabulu don ya gauraya da ruwa, amma ya sa sabulun a kofin kwatance ma, tunda shi kansa yana iya kashe tsutsa. An kuma gwada 'ya'yan aduwa, irin zogale da man ɓawon lemo a ɗakunan bincike an ga tasiri, kuma wannan gwajin kofi ya dace da su duka.

Kasancewar abu daga tsiro ya fito bai sa ya zama marar lahani ba. Majimfa tana ɗauke da rotinon mai kashe kifi, ganyen taba yana da nikotin da ke ratsa fata, 'ya'yan zurma da na binidazugu kuma guba ne ga mutum da dabba, saboda haka a ƙyale su gaba ɗaya. Ita ma darbejiyar ba a zuba ta a rijiya, ko randa, ko kwamin shayar da dabbobi, ko ruwan da kifi ke ciki, kuma a nisanta jiƙon da man daga yara. Ruwan sha murfi mai kyau yake buƙata da wanke mazubin kowane mako, a goge bangonsa domin ƙwan Edis yana mannewa a nan ya jure bushewa na watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar kashe tsutsa a matsayin ƙari a kan gidan sauro mai magani da feshin cikin ɗaki, a wuraren da matattarar ruwan ba ta da yawa, ba ta canza wuri, kuma ana iya gano ta, don haka wanda ya fara wannan aiki ya ci gaba da kwana a cikin gidan sauronsa.