Yadda Ake Karanta Alamomin Kan Ruwa a Teku

Alamomin da ake ɗaurewa da sarƙa a ƙasan teku su riƙa shawagi a kan ruwa su ne ke nuna wa matuƙin jirgi inda hanya take da inda haɗari yake. Kafin ka dogara da launinsu, ka fara tabbatar da yankin da kake ciki, domin tsarin da ƙungiyar IALA, mai tsara ƙa'idojin alamomin teku na duniya, ta daidaita a 1980 ya raba duniya gida biyu. A Afirka da Turai da Ostiraliya da yawancin Asiya, idan kana shigowa tasha daga teku, za ka bar jar alama a hagunka, koriya kuma a damanka. A nahiyar Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Filifin, launukan a juye suke. Siffa dai ba ta canjawa: ta hagu mai faffaɗan kai ce, ta dama kuma mai tsini.

Alamomin kusurwa huɗu, wato na gabas da yamma da kudu da arewa, masu launin baƙi da rawaya, su suka fi buƙatar natsuwa, kuma a ganina su ya kamata mai koyo ya fi ba lokaci. Kowace tana gaya maka gefen da ruwa mai aminci yake, wato ta arewa ka bi ta arewacinta. Da dare farar fitilarsu tana bin lissafin fuskar agogo: ta gabas tana walƙiya sau 3, ta kudu sau 6 sannan doguwa ɗaya, ta yamma sau 9, ta arewa kuwa ba ta tsayawa. Ka ƙirga walƙiyar har ta zagayo sau biyu kafin ka juya akalar jirgi, domin igiyar ruwa kan ɓoye wasu.

Baƙar alama mai jan ɗamara da ƙwallo biyu a kanta tana tsaye ne a kan haɗarin kansa, sai ka kewaye ta da tazara. Mai ratsin ja da fari a tsaye tana nufin ruwa lafiya ta kowane gefe.

Duk alamar da ka gani, ka gwada ta da taswirar teku da na'urar GPS, domin guguwa na iya tsinka sarƙarta ko ta ja ta daga mazauninta, fitilarta ma na iya mutuwa. Idan ka tarar da wadda ta kauce ko ta lalace, ka sanar da hukumar tashar ta rediyo nan take, kuma kada ka taɓa ɗaure jirginka a jikinta.