Yadda za ka kwantar da kumburin dasashi kafin ya ci ƙashin haƙori

Mutane da yawa a nan Katsina, da zarar sun ga jini a jikin aswaki ko buroshi, sai su daina goge wurin don kada su fama ciwon. Wannan kuskure ne mai tsada, domin jinin alama ce cewa garkuwar jiki ta shiga faɗa da ƙwayoyin cutar da suka taru a gindin haƙori, kuma barin dattin tsawaita faɗan yake yi.

Farin dattin nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori cike yake da bakteriya. Masu fara isa wurin su ne ƙwayoyin da ake kira nutrofil, waɗanda suka kai fiye da rabin fararen ƙwayoyin jinin mutum, suna ratsowa ta ɗan ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi suna haɗiye bakteriyar. Makrofaj, wani nau'in fararen ƙwayoyin jinin, na biye da su, suna kwashe matattun ƙwayoyi suna kuma sakin sinadaran kiran agaji, shi ya sa dasashi ke kumbura ya yi ja. Idan abin ya daɗe, sai wasu fararen ƙwayoyin jinin da ake kira limfosait, nau'in T da B, su cika wurin, saƙonsu kuma ya tayar da ƙwayoyin da aikinsu shi ne narkar da ƙashi. Ashe mafi yawan ɓarnar daga sojojin jiki take fitowa, don makaman da suka saki su ne ke cinye zaren da ke riƙe haƙori da ƙashin muƙamuƙi har haƙorin ya fara girgiɗi, kuma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa.

Saboda haka aikinka shi ne ka riƙa kawar da abin da ke kiransu. A shekarar 1965 Harald Löe da abokan aikinsa a Denmak sun nuna cewa masu lafiyayyen baki da suka daina gogewa sun sami kumburin dasashi cikin kwana 10 zuwa 21, da suka koma gogewa kuma ya lafa cikin kusan mako guda. Ka goge sau biyu a rana, tsawon minti biyu, da buroshi mai laushi da man da ke da fulorayid, kana karkata gashinsa zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, ko da jini na fita. Aswaki yana da amfani ƙwarai idan ana yanke kansa akai-akai, amma da wuya ya kai bayan turame da tsakanin haƙora, don haka ka haɗa da zaren sakace. Ka bar gawayi da toka da tsinken ashana.

Mai ciwon suga ya fi kowa buƙatar kulawa, domin yawan suga a jini yana raunana aikin nutrofil yana kuma zafafa kumburi. Taba kuwa tana ɓoye zubar jinin, sai cutar ta yi nisa mutum bai sani ba.

Idan jinin bai tsaya ba bayan mako biyu, ko akwai warin baki, ko mugunya, ko haƙori na motsi, ka je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko babban asibiti mafi kusa. Dattin da ya riga ya daskare buroshi ba ya cire shi, sai wankin haƙori a wurin likita. Ka nemi a auna maka zurfin ramin dasashi: milimita 1 zuwa 3 lafiya ne, daga 4 zuwa sama kuma ana buƙatar wanki mai zurfi da komawa domin a sake dubawa.