Yadda za ka sauya Adobe Muse da wata manhajar gina shafi

Kamfanin Adobe ya daina sabunta Muse, manhajarsa ta gina shafin intanet, a 2018, ya janye tallafinsa a Maris 2020. In shafinka da ita aka gina, ga matakan:

1. Buɗe aikin a cikin Muse, ka danna File, sannan Export as HTML. Ajiye foldar da ta fito a wuri biyu. Fayil mai ƙarewa da .muse ba wata manhajar da za ta buɗe shi.

2. Rubuta adireshin kowane shafi a takarda.

3. Zaɓi sabuwar manhaja gwargwadon bukata. Shafin da ake yawan ƙara wa labarai, WordPress ya fi dacewa, amma sai sabarka (kwamfutar da ke ɗauke da shafinka a intanet) na da PHP da MySQL, manhajojin da WordPress ke aiki da su. Shafuka kaɗan da ba sa canzawa kuwa, manhajar Publii ta wadatar.

4. Kwafe rubutu da hotuna kawai. Lambobin kwamfuta (code) da Muse ke fitarwa a cakuɗe suke, gyaransu ɓata lokaci ne.

5. Sake gina fom ɗin tuntuɓa, ka gwada tura saƙo.

6. Saka juyawar 301, wato umarnin da ke tura baƙo daga tsofaffin adiresoshin .html da ka rubuta a mataki na 2 zuwa sababbi, in ba haka ba masu zuwa daga Google za su riƙa cin karo da kuskuren 404, wato saƙon cewa ba a sami shafin ba.