Maganar da aka cusa tsakanin waƙafi biyu

Na gaji da jan biro a kan kuskure iri ɗaya a takardun 'yan shirin WAEC. Da zarar jimlar Turanci ta zo da wata magana da aka cusa a tsakiyarta, sai kan yaro ya kulle.

Babban kuskuren na aikatau ne. A ba shi "The chairman, as well as his councillors, ___ here", ya hango kansiloli dab da gurbin, ya zuba "are". Ina! "Is" ne. Ciyaman ne mai jimlar, kansiloli 'yan rakiya ne kawai, kuma haka abin yake da "together with" da "along with". Ni ma wannan ramin ya taɓa rufta ni. A gwajin ɗaukar malamai, da alli a hannuna, gaban mutum uku, na rubuta "are" ɓaro-ɓaro a allo. Wani dattijo cikinsu ya zare tabarau ya ce, "Malam, ciyaman nawa ne?" Aikin da ban samu ba ke nan. Tun daga ranar nake danne abin da ke tsakanin waƙafan da babban yatsa, in karanta saura, sannan in zaɓi aikatau. Ku yi ta dariya, ni dai bai taɓa ba ni kunya ba.

Sai masu ɗaukar waƙafi ado ne. Haba jama'a! "My wife, who lives in Zaria, is a nurse", mace ɗaya gare ka. Cire waƙafan, ka tona wa kanka asiri: ta Zariya kake nufi, akwai kishiyarta a wani gari.

Idan aka tambayi sunan maganar a nahawu, kada ka ce "clause" don ta yi tsawo. Nemi aikatau mai nuna lokaci. In babu, "phrase" ce. A "Kano, the centre of commerce, is crowded", amsar ita ce "noun phrase", aikinta "in apposition to Kano", wato tana sake bayyana Kanon ne da wani suna. Ka faɗi suna ka bar aiki, ka bar maki a ƙasa.

Ka buɗe da waƙafi, to ka rufe da shi. "That" ba ya buɗe irin wannan ƙarin bayanin, "which" ko "who" ake sawa. "The man whom I think stole it" kuwa kuskure ne: danne "I think" da yatsa, za ka ga "who" ne.