Yadda ƙ da ɗ suka daina zama alamar tambaya a manhajarmu

Kwana uku na yi ina fama da wannan abu wallahi. Mun gama fassara manhajar ajiyar kuɗi ta ƙungiyarmu daga Turanci zuwa Hausa, da na buɗe a waya sai na ga duk inda ƙ, ɗ da ɓ suke sun koma alamar tambaya, "ƙara kuɗi" ya zama "?ara ku?i", abin dariya abin haushi. Da farko na ɗora wa font laifi, wato salon zanen haruffa, na canza zuwa wani font mai suna Noto Sans tunda yana da haruffanmu masu lanƙwasa, shiru kake ji. Ashe matsalar tana can cikin database, wato rumbun ajiyar bayanan manhajar, teburin MySQL ɗin (manhajar da ke kula da rumbun) an bar shi a wani tsarin adana haruffa mai suna latin1, shi kuwa bai san ƙ ba sam, tun wajen ajiya yake cinye ta. Na mayar da teburin utf8mb4, tsarin da ya san haruffanmu, amma fa abin da ya riga ya lalace ba ya dawowa, dole na sake loda fayil ɗin fassarar gaba ɗaya.

Sai kuma maɓallai, "yi rajista" ya fi ƙarfin wurin da aka ware masa, na cire tsayayyen faɗin a CSS, wato inda ake tsara fasalin shafi, ya zauna daram.